Ajin Yamma a Kakuri

Ina da sittin da ɗaya na koma benci.
Gwiwa ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur,
sai na zauna a karkace.
Malama Laraba ta rubuta a allo: shuɗaɗɗen lokaci.
Na ce a raina, ai wannan unguwarmu ce,
nan nake kwana tun ranar da injin ya yi shiru.

Ta ce a Turanci aikatau ne ke tsufa.
Ka liƙa masa wutsiya, haruffa biyu kacal,
work ya koma worked, aiki ya wuce ke nan.
Shekara ashirin da uku a gaban injin saƙa,
auduga a hanci, jiniya ƙarfe shida,
layin kekuna har bakin titi,
ashe haruffa biyu sun ishe su likkafani.

Mu namu aikin ba ya furfura.
Saƙa dai saƙa ce;
mutum ke sauya riga: ina saƙa, na saƙa, zan saƙa.
Mu ke dakon lokaci, da gammo ko babu.

Akwai kuma masu taurin kai da ba sa karɓar wutsiya.
Go ya fita, ya dawo went,
ko uwar da ta haife shi ba za ta shaida shi ba.
Na tuna Dogara, abokin aikin darena,
da ya tafi Fatakwal neman abin yi.
Ran da ya dawo, sai da ya yi dariya na gane wushiryar.

Ranar Talata aka shiga wakilin suna.
Kai da ke da ku, duk an zube su a tabarma ɗaya: you.
Na ɗaga hannu. Malama, surukina fa?
Haka zan kira shi, kamar yaron da na aika sayo gawayi?
Aji ya kwashe da dariya,
har da Zilai mai ƙosai da ba ta cika magana ba.

Ta ce kowa ya kawo jimla.
Na ce: An rufe masaƙa.
An ce mu jira. An ci kuɗin sallama.
Ta ce, Baba Tanimu, wa ya rufe?
Ko ka juya jimlar ta ba mu ƙeya,
ko ka fito da mai aikin fili.
Na riƙe biro har ya jiƙe da gumi.
They. To, su wa?
Ashe shekarun nan duka
mu muka shimfiɗa musu an, suka kwanta a inuwarsa.

Bayanau ya zo ƙarshe, mai faɗin yadda aka yi.
Shi ma da wutsiyarsa, siririya.
Yaya aka rufe? ta tambaya.
Kwatsam, na ce.
Ta miƙo mini suddenly.
Na tauna, na sake taunawa,
ban ji ƙarar ƙofar ƙarfe a ciki ba.
Slowly kuwa na gane shi tun daga nesa:
haka Hansatu ta tafi,
wata bakwai, cokali-cokali, sannan tsit.

Wasiƙa ce ta kawo ni ajin nan,
wadda zan rubuta da hannuna, ba ɗan kamasho,
in tambayi haƙƙina da harshen da aka hana ni da shi.
Amma aikin gida tukuna: jimla goma, duk a mayar da su jiya.
Aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya.
Na kashe tara ba gargada.
Ta goma ta ce: She is my wife.

Na bar ta yadda take.

Washegari jan biro ya zo kanta ya tsaya.
Malama ta dube ni ta saman tabarau.
Na ce, na san dokar, Malama.
Ta ɗan jima,
sannan ta buɗe littafin Zilai.