Minti Ashirin Kafin Babban Baƙo

Takardar tana aljihuna tun Talata,
suna goma sha ɗaya, gurbi guda.
Motar babban mawaƙi ta baro Yamai,
ta kwana Doso, gobe Ƙwanni, jibi Tawa,
ni aka ce in nemo mai share fage.

Manaja ya kira ni sau uku.
Ya ce ɗan gari, don unguwarsu ta yanki tikiti.
Ya ce kar ya wuce minti ashirin.
A na ukun ya sassauta murya:
"Mai daɗi, Abarshi,
amma ba wanda za a tafi da shi gida a baki ba."

Na zauna bayan gidan matasa,
ina saurarensu ta wayar da ta tsage.

Yaran Nomau su bakwai ne,
makirufo huɗu gare mu, ɗaya na tari.
Na soke.
Ɗan Alhajin da ya biya kuɗin inji
waƙarsa kamar ana jan tebur a siminti.
Na sa masa ɗigo, ban soke ba.
Inji ai ba ya tashi da gaskiya, sai da gazuwal.

Sai Cima.
Ta buɗe baki, mai shayi ya bar butar ta yi ambaliya,
ni kuma sigarina ya ƙone har yatsa.
Na ji ta sau biyu.
Na tuna kira na uku.
Alƙalamin ya yi nauyi kamar taɓarya,
amma ya ja layin.

Gado tela na ɗauka, shi da guruminsa.
Ba ya son waya, ba ya son fitila,
jaka goma da farantin shinkafa sun ishe shi,
kuma in an ɗaga masa hannu yana sauka.

Daren ya yi wa kujeru kiɗa.
Mutane na shigowa, suna neman wuri, suna sayen ƙanƙara,
ya gama a minti goma sha takwas,
manaja ya dafa kafaɗata.

Cima ta sayi tikiti da kuɗinta.
Tana layi na shida, mayafi ruwan toka.
Da babban baƙo ya miƙa wa jama'a amshi,
muryarta na ji ta tsallake lasifika duka,
har mai jita ya waiwayo.

Takardar na nan.
Ban yar ba.