Tulun Baya

Karo na uku ke nan tana dawo mini.
Landiroba ce mai ruwan ganye, ta girmi ɗana na fari.
Malam Sidi ya kashe ta gindin dalbejiyar garejinmu a Muciya,
bai ce komai ba, yatsa kawai ya miƙa:
ɗigo,
ɗigo,
tun daga Kwangila har bakin takalmina.

Man giya ba ya ɓuya.
Wari gare shi irin na ƙwan da kaza ta guda.
Ranar da na taɓa shi, tun ina zaure
uwargida take ɗora ruwan wanka.

Da fari na ce gaskit ne.
Na yanka sabo, na bi gefensa da 'yar guduma,
na shafa gam, na ɗaure notuna a gicciye,
wannan ya gaida wancan, kamar yadda aka koya mini.
Na biyu na ce sil ne.
Na aiki Dogara Sabon Gari, shagon Okwudili,
wanda ya dangwali ƙasa ya lasa
cewa wannan daga Ingila ya zo.
Kwana goma sha ɗaya. Ɗigo.

Yau na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashinta
kamar mai bin bashi ya koma mai roƙo.
Na wanke tulun aksil da kananzir har ya fito da fuskarsa,
na roƙi toka a murhun mai shayi na barbaɗa,
in akwai tsaga, toka za ta tona.
Babu.
Mai walda da ya matso da tabaransa ya koma inuwa.

A kan benci Malam Sidi yana yi wa ƙafafuna magana,
su kaɗai yake gani.
Wai shekara talatin da ɗaya tana kai taki fadamar Galma,
ta ɗauko rake, ta ɗauko mai naƙuda daga Dakace cikin ruwan Agusta,
ba ta taɓa zubar masa da mutunci a hanya ba.
Sai bana da ƙafa ta kwantar da shi wata bakwai,
ita ma ta kwanta bayan gida.
Daga tashinsu ta fara kuka.

Dogara ne ya durƙuso,
yaron da na yi wa tsawa jiya kan sifana mai lamba sha uku.
Murya ƙasa-ƙasa ya ce,
Oga, in ta yi zafi, ta ina take numfashi?

Na yi shiru. Na kai hannu sama, ina lalube.
Can bisa ƙarfen, inda ido ba ya zuwa,
ɗan hanci ne, bai kai ƙaramin yatsa ba.
Na kwance shi na fito da shi rana.
Laka ce ciki, busasshiya, an shafe bakin sumul.
Zanzaro ne ya yi gini,
har da tsutsar da ya ajiye wa 'ya'yansa.

Wata bakwai aka ba shi, ya kuwa yi aikinsa da kyau,
ya fi ni.
Ciki ya ɗau zafi, iska ta rasa ƙofa,
sai ta tura mai ta inda fata ta fi taushi.
Ni kuma ina ta ɗinke ido
alhali hanci ne a toshe.

Da silin keke muka zungure shi.
Dogara ya hura, ƙura ta fita ta wancan gefe.
Muka ɗura mai har ya leƙo bakin rami ya taɓa yatsa.

Malam Sidi ya ce nawa ne.
Na dubi hannuna. Na dubi yaron.
Na ce a ba shi na shayi, a bar mini ita ta kwana.

Mun kai ta Kufena mun dawo, tulu ya yi ɗumi,
na shimfiɗa mata sabon kwali, fari.
Da asuba, kafin in buɗe akwatin kaya, shi na fara jawowa.
Babu komai a kai
sai tururuwa ɗaya tana tsallakawa, ƙafarta a bushe.

Wajen hantsi zanzaron ya zo
da laka a baki,
yana zagaya tayar baya.