Suna Biyar, Lamba Ɗaya

Saƙo ya zo daga Kumasi ran Talata:
Alhaji Nomau na son kaya ɗari uku,
amma ba a buhu bayan tirela kamar da ba,
sai da fom, da hatimi, da lambar kwastan.

Ni aka miƙa wa biro, don ni na yi boko.
Baba Jatau na bakin wuta, bayan Ƙofar Gayan,
Tanimu na zuga, gumi na bin haƙarƙarinsa.

Na ce, Baba, lissafo.
Ya ce, garma, ta huɗa.
Fartanya, ta firi da maimai.
Sungumi mai doguwar ƙota, na saran shuka.
Masassabi. Magirbi, sai dawa ta sunkuyar da kai.

Na duba jadawalin a waya:
tamanin da biyu, sifili ɗaya, talatin.
Na share fuskar wayar da hannun riga, na sake dubawa.
Duk su biyar ɗaki ɗaya,
har da diga da manjagara a ciki,
baƙin da ba mu gayyata ba.

Baba ya ajiye masaba.
“Wanda ya rubuta wannan,
a ba shi sungumi ya yi huɗa a fadamar Kubanni.
In bayansa ya kai azahar, ni ba maƙeri ba ne.”
Na ce, Baba, ai ba su san kunya ba.
Tanimu ya yi dariya har wuta ta kusa mutuwa.

Gatari da gizago ɗaki guda.
Wannan kam ya yarda, ya ce dama 'yan uwa ne.
Lauje aka tura cikin “da sauransu”.
Aska ta bar unguwar gaba ɗaya.
Ƙota kuwa, in ita kaɗai ce, itace ce,
babi na arba'in da huɗu, can wajen masu katako,
in an sa mata ruwa
sai ƙarfe ya cinye sunanta.
Baba bai ce komai ba a nan.
Ya daɗe yana kallon Tanimu.

Gurbin bayani bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Na matse rubutu, na cusa sunayen biyar,
ko da ejan na Sabon Gari zai soke huɗu gobe.

Ana kiran magariba
Baba na bin ruwan garma ɗaya bayan ɗaya da kurfi,
ɗigo uku kusa da wuya,
yadda kakansa ke yi.
Bai tambaye ni lambar wannan ba.