Asabar a Ilupeju

Sun toshe titi da igiya da kujerun roba,
jajayen fitilun takarda na lilo a ƙarƙashin wayar Nepa.
Ni da Murja muka sauko daga danfo,
taɓon Agege bai gama sakin silifas ɗinmu ba.

Ganga ta tashi. Ba kalangu ba ce,
amma ƙirji bai nemi tafinta ba.
Wani dogon maciji na yadi mai sheƙi
ya taho da ƙafa ashirin, duk sanye da kambas.
Jama'a na shewa, ni ina bin layin ɗinki,
tela ko a biki almakashinsa na cikin ido.

Wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi
ta jawo hannun Murja
ta zauna tana zana mata ɗawisu da lalle.
Yarinyar ta shinshina, ta ce,
"Baba, ƙamshin Hajjo."
Na kau da kai.
Damina biyu ke nan Hajjo na kwance a Funtuwa.

Samosa ta ƙwace min magana,
mai suyar ya tsokane ni da Yarbanci,
ya miƙo shayi mai citta da kanumfari.

La'asar sakaliya hadari ya haɗo daga teku.
Rumfa ɗaya ta ɗauke mu,
ɗan Sin, Bayarabiya, Ba'indiye da ni.
Maciji ya sha ruwa, aka naɗe shi kamar tabarma.

A danfo Murja ta yi barci,
hannunta ɗage sama
kada ɗawisun ya goge.