Daga Dama Ake Farawa

Na sauka Kumasi da jaka ɗaya da littafin rubutu,
matakai bakwai na horar da masu hidima,
na haddace su tun daga Wusasa
kamar sunayen 'ya'yana.

Ranar farko, a zauren dattawan ikilisiya a Asawase,
mutum tara bisa benci, zane a kafaɗa.
Na hango mai furfura a tsakiya,
na tsallake huɗu, na miƙa masa hannu.
Ɗaki ya yi tsit,
har kukan fanka sai da na ji.
Ofori, saurayin da aka ba ni in horar,
ya ja gefen rigata:
Malam, daga dama ake farawa,
ko da yaro ne ke zaune a can.

Aka ba ni kujera, aka kawo ruwa.
Na ce na gode, ba na jin ƙishi.
Ofori ya runtse ido kamar na taka masa yatsa.
Na sha.
Sannan suka tambayi abin da ya kawo ni,
su da suka aiko wasiƙa, su da suka biya kuɗin mota.
Sai baƙo ya faɗa da bakinsa, in ji su,
kafin magana ta sami tabarma.

Wata biyu ina zaunar da Ofori gaba da gaba
ina jifansa da tambayoyin littafina.
Me kake so ka zama? Ina na kuskure?
Dube ni, faɗa mini, kada ka ji komai.
Shi kuwa idonsa na kan siminti:
Yoo, Osofo. Yoo.
Na rubuta a gefen shafi: ba shi da himma.
Allah ya gafarta wa wannan biro.
Ni da na tashi inda ba a haɗa ido da babba,
takarda ta mantar da ni gidanmu.

Wata Juma'a a Kejetiya,
muna ɗauke da doyar gidan makoki,
kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani,
'yan dako na ihun a ba su hanya,
sai ya ce: Akwai wani mutum,
mutumin kirki, mai ruwa mai daɗi.
Kullum yana ɗura wa tulu,
bai taɓa duba ko an cire murfi ba.
Na yi dariya.
Mun wuce masu barkono, mun kai masu kifi,
kafin na ji danshin ruwan a ƙafata.

Da dare na zauna wurin Hajiya Ramatu mai koko,
wadda Hausarta ta Zango ke ce wa matata "ya zo",
ina gyara mata a zuci tun zuwana.
Ta ce kakanta goro ya biyo,
ya shekara yana gaisuwa kafin ya taya ƙwarya guda.
Na tuna Almasihu ma ya daɗe cikin masassaƙa
yana jin yadda mutane ke ciniki da kuka
kafin ya hau dutse ya buɗe baki.

Littafin na nan, na tokare taga da shi.
Yanzu tafiya muke, ni da Ofori,
daga Aboabo zuwa duk inda ƙafa ta gaji.
In ina da tambaya, sai in ce akwai wani mutum.
Shi ma yana da nasa mutanen, sun fi nawa yawa.

Lahadin jiya ya yi wa'azi da Tuwi.
Kalma ɗaya cikin goma na kama,
amma na ga mai furfura yana share ido da bakin zane.
Da aka tashi, ni ya fara ba hannu.
Na soma kumbura,
sai na duba inda nake zaune:
ƙarshen benci ne, ta hannun dama.