Akwati Mai Baki Takwas

Babban yatsana ya yi kanta.
Shekara shida ina latsa waya ɗaya
kafin asuba, a bakin tashar Estancia:
kuɗin kifi yau kaza, ƙanƙara kaza,
ga masunta ɗari bakwai da 'yan kai.
Kafin saƙo ya iske na ƙarshen jeri
rana ta take, kifinsa ya soma wari.

Mai gidan ƙanƙara, tsoho Jalbuena,
ya ƙirgo kuɗi yana tsaki.
Ya ce, "Perlita, tafi Iloilo ki sayo na'ura.
Ban da kyan ɗan maciji."

Awa uku a bas, gwiwata na gugar buhun busasshen kifi.

Shagon a ƙarƙashin bene yake.
Yaron ciki, Renante, na cin soyayyar ayaba da hagu,
da dama ya jero mini su kan gilashi.
Ga wata kamar ɗan yatsa, sim ɗaya tak,
a soka ta a kwamfuta, shi ke nan.
Araha ba ta ado:
da ta ɗau zafi sai ta yi gum kamar mai fushi.
Ga wata baƙa, baki sittin da huɗu,
eriya tsaitsaye kamar ƙayar bushiya.
"Dubbai a awa guda," in ji shi, ido na ƙyalli.
Na ce, ina ni ina giwa a ɗakin kwana?
Kamfanin layi ma ya ga wannan ambaliya
zai ce 'yar damfara ce, ya toshe ni.

Na tambaye shi gishiri,
don iskar garinmu ƙusa ma ba ta bari.
Na tambaye shi wuta,
wadda ke tafiya ba sallama da la'asar.
Ya ɗauko batir, ya nuna fanka a bayan akwatin,
ya ce in raba layukan gida biyu,
tunda na bayan Sicogon kamfani ɗaya ke kai musu.
Yaron ya san aikinsa.

Sai na ce, "Tana ji?"

Ya daina tauna.

Ban yi niyyar faɗa masa ba, amma na faɗa.
Daren da teku ta haukace, shekara uku ke nan,
ƙanena Dioscoro ya rubuto:
inji ya mutu, ina gabas da Gigantes.
Wayata ta cika maƙil da cinikin ƙanƙara.
Saƙonsa ya tsaya a ƙofa har hantsi,
sai da na goge na wasu ya samu shiga.
Kwana biyu aka tsince shi, leɓe a tsage, da ransa.
Bai taɓa tayar da maganar ba.
Da ya zage ni, da na fi samun barci.

Renante ya goge hannu a wando.
Ya hau kujera, ya sauko da wata mai ƙura,
baki takwas, ba ta da wani kyau.
Ya ce, "Shida su yi magana,
biyu ki bar su, sauraro kawai.
Duk abin da ya shigo, kwamfuta za ta adana."
Garantin shekara ɗaya, rasit da biro ja.
Na yi tayi, ya rage mini kuɗin igiya.

Yanzu tana kan kanta, nesa da laima,
fitilunta takwas na ƙifta ido cikin duhu.
Ranar farko, kofina bai huce ba
ɗari bakwai suka fice.

Na zauna ina kallon biyun nan masu shiru.

Ƙarfe biyar saura, ɗaya ta yi haske.
Gwaggo Nenita ce daga tsibiri:
"Wannan farashi zalunci ne. Gaya wa Jalbuena."

Na yi dariya har da hawaye,
na karanta sau biyu,
na tashi na je na gaya masa.