Minsi-fai

Babana Jatau kuku ne,
shekara goma sha ɗaya a kicin ɗin Madam Hilda,
matar injiniyan masaƙar Kakuri,
gidan nan na bayan layin dogo mai mangwaro biyu.
Da suka tattara za su koma Ingila
ta bar masa agogon bango da ba ya tafiya,
da farantin ƙarfe mai rami goma sha biyu,
da wata takarda da man shanu ya cinye rabinta.

Minsi-fai, in ji ta.
Ranar farko Baba ya ɗau kwando zai nufi mahauta,
don a saninsa minsi nama ne niƙaƙƙe.
Ta yi dariya har ta dafa tebur:
babu nama, Jatau, sunan ne kawai ya rage.
Baba ya ce, ashe can ma
akwai Alhajin da bai je Makka ba.

Zabibi, ɓawon lemo yankan siriri,
kitsen ƙoda, jan sukari,
kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi a kankare kaɗan.
Shekarar da tuffa ta yi wuya ya sa dabino.
Kwalbar da takan ɗiga a ciki kuwa
hannunsa bai taɓa ta ba.
Ya matse lemon zaƙi a madadinta.
Madam ta ɗanɗana, ta yi shiru,
ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu.

Al'adar gidansu, in Disamba ta kama
kowa sai ya riƙe muciya,
daga maigida har autar da ake ɗagawa,
a juya ta hannun dama, kada a koma baya,
a ƙudurta buri a zuci, kada a faɗa.
Suka gama, Madam ta miƙa wa Baba.
Ta leƙa taga ta kira Bitrus mai ban ruwan fulawa,
ya shigo da laka a ƙafa, shi ma ya juya.
Na sha tambayar Baba me ya roƙa.
Sai da ya tsufa ya ce: keke.
Ya kuma samu, bayan shekara huɗu, na hannu.

Yanzu masaƙa ta yi shiru,
ciyawa ta fi tagoginta tsawo.
Baba na kwance a maƙabartar Tudun Wada.
Ni ce da farantin.
In an ɗauke wuta, kuma ana ɗaukewa,
yashi nake zubawa a babbar tukunya,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.
Tauraron da ake ɗora wa kowanne
da gwangwanin madara Baba ya lanƙwasa shi,
ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta.

Yarana kan yi layi su juya.
Hanne ba ta iya riƙe sirri,
tana juyi tana cewa waya, waya.

Ba mu yin Kirsimeti.
Amma ran ashirin da huɗu ga wata
nakan naɗe kwano a tawul, in hau bas,
in haye gada zuwa Narayi,
gidan Saraya 'yar Bitrus.
Da a layi ɗaya muke, katanga ɗaya,
kafin shekarun da suka sa kowa
ya duba wane gefen kogi zai kwana.
Tun daga ƙofa take shaƙar kirfa.
Ta ce, kin makara, shinkafa ta huce.

Sha ɗaya nake kai mata.
Ramin ƙarshe ya lotsa tun zamanin Madam,
na cikinsa kullum sai ya ƙone ta gefe.
Rabon kuku, in ji Baba.
A tsaye yake cin sa, bayan ƙofar kicin,
yana hura yatsu.
Ni ma ban taɓa zama na ci shi ba.